Sallamar Mai Auren Mangwaro

Akwai wani mutum mai suna Gayus, wanda yake aiki a lambun wani dattijo a bakin kogi. Lambun mangwaro ne babba, in ka tsaya a wannan gefe ba ka hango wancan. Ma'aikata suna da yawa a cikinsa, masu ban ruwa da masu shara da masu tsinka, amma akwai aiki guda da babu mai iya shi sai Gayus, wato auren itace.

Ga wanda bai sani ba, mangwaro ma aure ake yi masa. Za a shuka ƙwallon mangwaron nan namu mai zare, wanda in ka sha sai ka wuni kana sakace, domin saiwarsa tana da ƙarfi, ba ta jin fari. In ya tsiro ya kai kaurin yatsa, sai a datse kansa a tsaga shi, a yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, a fiƙe gindinsa, a cusa a tsagar, a ɗaure da leda. In auren ya kama, sai ka ga toho ya fito kore shar, bishiya ta tashi da saiwar wannan da 'ya'yan wancan. In bai kama ba, reshen ya yi baƙi ya bushe. Gayus kuwa Allah ya ba shi hannu, abin da ya ɗaura da wuya ya mutu.

Ana biyansa albashi ƙarshen kowane wata, ba a taɓa yi masa jinkiri ba. Sai dai albashin nan tun kafin ya iso an gama rabonsa: hatsi, hayar gida, makarantar yara, maganin tsohuwarsa. Ya shigo ta ƙofa, ya fice ta taga. Matarsa Lidiya ta sha ce masa, "Baban Tani, hannun nan naka fa dukiya ne. Ka ɗaura ko 'yan kaɗan ne a bayan ɗaki mu riƙa kaiwa kasuwa, mu samu ko akuya ce mu ajiye." Shi kuwa sai ya ce ta rufa masa asiri, kada maigida ya ji ya ce ya raba hankalinsa biyu. Saboda haka ba su da komai a gefe, da albashin kaɗai suke tsaye.

Akwai kuma wani abu da yake cin Gayus tun yana yaro. Mahaifinsa ma aikin albashi ya yi, gadi a wani kamfani, har gashinsa ya yi fari. Wata rana da tsakar rana sai ga shi ya dawo gida, tabarma a hammata, kwanon abincinsa a hannu. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce, "An sallame ni." Daga ranar tukunyar gidansu ta fara kwana a kife, aka cire Gayus daga makaranta, tsohon kuma bai ƙara miƙewa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Gayus ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, amma kalmar nan ba ta bar kunnensa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ana nan, wata safiya dattijon ya shigo lambu tare da wani magidanci mai suna Sila, wanda ambaliya ta cinye gonarsa ta bar shi da iyali ba abin yi. Dattijon ya tsufa, hannunsa yana rawa, idonsa ya yi rauni, kuma shi mutum ne mai gajeriyar magana. Ya kira Gayus ya ce, "Ga Sila. Ka koya masa aure. Ranar da hannunsa ya faɗa, zan sallame ka."

Ya faɗa yana murmushi. Gayus kuwa kalmar nan kaɗai ya ji. Murmushin ma sai ya ga irin na mahauci ne in yana shafa bayan rago. Dattijon ya tsaya yana dubansa, kamar mai jiran wani abu, ya ce, "Akwai magana?"

"Babu, Baba," in ji Gayus.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Lidiya ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ce, "Baban Tani, sallama ai iri biyu ce. Akwai ta kora, akwai kuma wadda maigida yake yi wa yaronsa da ya yi masa bauta, ya ba shi jari ya ce je ka ka tsaya da ƙafarka. Wacce ya nufa? Ka koma ka tambaye shi, matambayi ba ya ɓata."

"Waccan ta yaran 'yan kasuwa ce," ya ce. "Ina kika taɓa ganin an yi wa ɗan albashi? In na tambaya ma, ai na tuna masa ke nan, ya ce to tunda ka matsu, tafi yau."

Ta yi ta yi, ya ƙi. Tsoro ya riga ya ba shi fassara, kuma mai tsoro ba ya son fassara ta biyu.

To, auren mangwaro yana da sirri guda, ɗan ƙarami. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai wani kore-kore mai damshi, nan rai yake. Reshen da ake cusawa yakan fi gindin sirantaka, don haka dole a tura shi gefe guda, ɓawo ya haɗu da ɓawo, koren wannan ya taɓa koren wancan. In aka sa shi a tsakiyar tsagar, zai yi kyaun gani, tsaf kamar an auna, amma ba zai taɓa kamawa ba. Gayus ya kwana da wannan a ransa, ya tashi da shi. Da gari ya waye ya koya wa Sila wasa wuƙa, ya koya masa zaɓen reshe, da tsagawa, da fiƙewa, da ɗauri, komai bisa gaskiya. Da aka zo wurin cusawa sai ya ce, "Ka sa shi a tsakiya daidai, kada ya karkata ko'ina." In kuwa shi zai yi nasa, sai ya rufe da babban yatsa ya tura gefe.

Sila mutum ne mai himma. Yakan riga kowa zuwa, ya durƙusa a kan layinsa har rana ta take, yana auna tsakiya kamar mai zura zare a allura. Bayan 'yan makonni layin Gayus ya yi kore, layin Sila ya yi baƙi ƙirin. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka. Sila ya riƙa juya tafin hannunsa yana kallo, yana cewa, "Malam Gayus, anya hannun nan nawa yana da albarka kuwa? Gonata ruwa ya cinye, ga wannan kuma."

"Sai haƙuri," in ji Gayus, idonsa a ƙasa. "Ba kowa ake ba ba."

Kuna tsammani Gayus ya samu kwanciyar rai? Ina. Da can kora kaɗai yake tsoro, yanzu tsoronsa ya haihu. In ya hango dattijon ya nufo layin dashe, sai ya ce asiri ya tonu. In ya ga ma'aikata biyu suna magana ƙasa-ƙasa, sai ya ce da shi suke. In Sila ya matso kusa yana kallon hannunsa, sai ya juya masa baya. Abin da ya fi muni, majami'arsu ɗaya. Ran Lahadi Sila ya tashi a lokacin roƙon addu'a ya ce 'yan'uwa su taya shi, Ubangiji ya buɗe masa hannu a wurin aiki, kada maigida ya gaji da shi. Jama'a suka sunkuyar da kai, Gayus ma ya sunkuyar, ya ce amin tare da kowa, bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci. Ya rame, wuyansa ya fito, har Lidiya ta fara zaton wata cuta ce.

Wata rana yana zagaya layin Sila shi kaɗai, sai idonsa ya sauka kan wani abu. A cikin busassun nan, guda ɗaya ya yi toho. Wataƙila wajen ɗauri ne reshen ya zame gefe, ɓawo ya samu ɓawo. Ɗan toho ne ja-ja, mai laushi, ko ganye bai gama buɗewa ba. Gayus ya tsuguna a gabansa. In Sila ya gani zai kwance ya duba, in ya duba zai gane, in ya gane hannunsa ya faɗa ke nan. Ya ga kansa da tsakar rana, wuƙar aure a aljihu, yana shiga gida yara suna kallonsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Mutumin da ya yi shekaru yana ba itace rai, ya sa farce ya tsinke tohon, ya tura shi cikin ƙasa da ɗan yatsa.

Da damina ta kusa, dattijon ya zo duba dashe da kansa. Ya bi layin Gayus yana gyaɗa kai. Ya zo layin Sila ya tsaya. Sila ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi iyakar ƙoƙarina, abin ya ƙi ni. In ka ce in tafi, ban ga laifinka ba."

Dattijon ya matsa kusa da dashen. Ya sunkuya da kyar, ya kama guda, ya yi ta fama da ledar da hannunsa mai rawa har ta kwance. Ya kawo shi dab da idonsa ya daɗe yana dubawa. Ya kwance na biyu, ya kwance na uku. Gayus yana tsaye, ashe ya manta shaf cewa tsohon nan da auren itace ya fara kafin ya zama mai lambu.

"Yankanka yana da kyau," dattijon ya ce wa Sila. "Ɗaurinka ma haka. Wa ya ce ka riƙa sa shi a tsakiya?"

"Haka Malam Gayus ya koya mini, Baba," in ji Sila, da zuciya ɗaya, bai san ya faɗi wani abu ba.

Gayus ya rufe ido yana jiran kalmar da ya yi rayuwarsa duka yana gudu. Amma dattijon cewa ya yi, "Ku biyo ni."

Suka shiga kwalekwale suka haye kogi. A wancan ƙetaren akwai wani fili mai baƙar ƙasa, shimfiɗe, an kewaye shi da shinge, an haƙa rijiya a tsakiya, an tara taki a gefe. Gayus ya sha hango ma'aikata suna aiki a wurin, bai taɓa tambayar na wane ne ba. Dattijon ya dogara da sandarsa ya ce, "Ni ma yaron wani ne a da. Na yi masa auren itace shekara da shekaru, ranar da ya sallame ni ya ba ni filin da ya zama lambun can. Na yi wa Allah alkawari ni ma zan yi wa wani. Wannan wurin naka ne, Gayus. Jira nake ka bar mini magaji a lambu, in damƙa maka."

Gayus ya zube a ƙasa.

Dattijon ya ce, "Na tambaye ka ko akwai magana, ka ce babu. Me ya hana ka tambaye ni? Na taɓa hana ka hakkinka ko sau ɗaya?"

"A'a, Baba. Tsoro na ji."

"Na ga alama," in ji dattijon. "To, kwantar da hankalinka, ba zan kore ka ba. Lambu ba ya zama ba mai aure, kai kuma ka tabbatar babu wani sai kai. Ka koma bakin aikinka. Ƙasa ba ta jira, ruwa ya kusa sauka. Sila, kogi ya ci gonarka, ga wata."

Suka hayo kogi su biyu, suka bar Sila a can tsaye a bakin rijiya, hannu a ka. Da wata ya ƙare aka kira Gayus aka ba shi albashinsa cif, ko kwabo ba a rage ba. Ya kai gida ya ajiye a gaban Lidiya, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Maigidan lambu shi ne Ubangiji, wanda numfashinmu da abincinmu suke hannunsa. Lambun shi ne wurin aikinka, ko ofis ne, ko asibiti, ko makaranta, ko garejin gyaran mota, ko shagon ɗinki. Auren itace shi ne baiwar da aka ba ka, abin nan da ka iya wanda ake biyanka dominsa. Sila kuwa kun san shi. Shi ne sabon ma'aikacin da aka kawo aka ce ka nuna masa aiki, ka dube shi ka ga kabarinka.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce albashi mugun abu ne. Albashi halal ne, gumin mutum ne, kuma Gayus bai yi zunubi ba da ya so ciyar da iyalinsa. Inda ya faɗi shi ne, ya ɗauki albashi ya ɗora a kujerar da ta Allah ce. Ya gaskata cewa ranar da albashi ya tsaya, ranar rayuwa ta tsaya. Duk abin da ka gaskata haka game da shi, to shi kake bauta wa, kuma zai sa ka yi abin da ba ka taɓa zaton za ka iya ba. Gayus ba mugu ba ne, ba ya sata, ba ya fashin sujada. Tsoro ne ya kai farcensa kan tohon ɗan'uwansa. Mu ma da muke zaune nan da kayan Lahadi, nawa ne a cikinmu muka koya wa na ƙasa da mu rabin aiki muka ɓoye rabi? Nawa ne muka ga ƙaramin ma'aikaci zai yi kuskure muka yi shiru, don a san ba a yi sai da mu? Sa'an nan mu dawo muna kuka shekara da shekaru ba a ciyar da mu gaba ba. Wa zai ɗaga ka daga kujerar da ka tabbatar babu mai iya zama a kanta?

Ku lura kuma da inda tsoron ya samu ƙofar shiga. Gidan Gayus babu ko akuya a ɗaure. Mutumin da yake cinye watan gobe tun yau, wanda in albashi ya yi jinkirin mako guda gidansa ya birkice, ba shi da bakin tambaya, ba shi da bakin cewa a'a, ko gaskiya ma tsoron faɗinta yake yi. Lidiya ta ba da shawara mai kyau aka ƙi ji, kuma ina ganin wasu matan suna taɓa mazajensu da gwiwar hannu, to ku yi a hankali. Ɗan abin da ka ware a gefe kowane wata, da 'yar sana'ar da ka riƙe bayan aiki, ba rashin bangaskiya ba ne. Suna cire wa tsoro haƙora, su bar ka ka yi aikinka da gaskiya.

Ban ce kowane mai ba da aiki a duniyar nan irin dattijon nan ne ba. Akwai masu kora da tsakar rana, wasunku sun gani da idonsu kamar yadda Gayus ya gani. Amma Maigidan da yake bisa dukan masu gida ba haka yake ba. Shi bai taɓa hana ka hakkinka ba, kuma har yau yana tsaye yana tambaya ko akwai magana. Addu'a ke nan. Kawo masa tsoron da sunansa, ka ce Uba, na ji ana rage ma'aikata, na ji an kawo wanda ya fi ni takardu, shekarun ritayata sun matso, me kake nufi da ni? Gayus ya gwammace ya yi zato da ya yi tambaya, ya kwana da yunwa a kan dami kamar kazar da ba ta sani ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan ba kora ba ce, domin ba a kori kowa ba. Hukuncin Gayus shi ne an bar masa abin da ya riƙe. Ya so albashi fiye da Maigida, aka ce to ga albashin. Kada Allah ya sa ranar da za mu tsaya a gabansa a nuna mana abin da aka tanada mana a ƙetare, mu tarar mun sayar da shi saboda ƙarshen wata.

Shi Gayus labarinsa ya ƙare, naka bai ƙare ba. Gobe Litinin. In akwai wanda ka koya wa rabi, ka kira shi tun kafin ka zauna, ka nuna masa sauran.